Fashin Jirgin Ƙasa na 1903 da 'Yan Wasansa

Masu nazarin tarihin majigi sun daɗe suna ambaton The Great Train Robbery, watau Babban Fashin Jirgin Ƙasa, a kan shi ne mafarin fina-finan kaboyi. Wannan magana tana bukatar gyara, domin tun 1899 kamfanin Mitchell da Kenyon na Ingila ya riga ya yi wani gajeren fim irin wannan. Amma fa babu shakka na 1903 shi ne ya kafa tafarkin da na baya suka bi.

Edwin S. Porter ne ya shirya shi a kamfanin Edison, aka fara nuna shi cikin watan Disamba 1903. Tsawonsa kamar minti 12 ne, kuma ba murya a cikinsa. Labarin kuwa shi ne, 'yan fashi suka ɗaure ma'aikacin gidan waya na tasha, suka tare jirgi, suka wawashe fasinjoji, sa'an nan mutanen gari suka bi sawunsu a kan dawaki har suka hallaka su. Ko da yake labarin na yammacin Amurka ne, a gabas aka ɗauki hotunansa, a Niyu Yok da Niyu Jasi.

A wancan zamani ba a rubuta sunayen 'yan wasa a jikin fim, saboda haka sai daga baya masu bincike suka tono su. Justus D. Barnes shi ne ɗan fashin nan mai gashin baki wanda ya auna bindiga ya harba sosai wajen 'yan kallo. Kamfanin ya bar wa masu nuna majigi zaɓi, su sa wannan hoto a farko ko a ƙarshe.

Wanda ya fi su shahara shi ne Gilbert M. Anderson, wanda aka haifa a 1880. Ya fito a matsayi fiye da ɗaya: shi ne fasinjan da aka harbe yana gudu, shi ne kuma baƙon da aka tilasta wa rawa da harsashi. A 1907 shi da George K. Spoor suka kafa kamfanin Essanay a Shikago, inda ya yi suna da laƙabin Broncho Billy, ya zama tauraron kaboyi na farko. An ba shi lambar girma ta Oscar a 1958, ya rasu a 1971.

A 1990 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin jerin waɗanda ake adanawa domin tarihi.