Kakakin Majalisar Wakilai ta Nijeriya

Kakaki shi ne wakilin da 'yan'uwansa suke zaɓa daga cikinsu domin ya shugabanci zaman Majalisar Wakilai, ya tsare ƙa'idar muhawara, ya kuma yanke hukunci idan mas'ala ta tashi a kan ladubban zama. Asalin wannan muƙami daga Majalisar Ingila aka ɗauko shi, kuma wanda ya riƙe shi daga 1955 Bature ne, Sir Frederic Metcalfe, har 1959 da Jaja Wachuku ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Alhaji Ibrahim Jalo Waziri, mutumin Gombe, ya gaje shi a 1960, ya riƙe ragamar cikin zamanin da husuma ta yawaita tsakanin jam'iyyun yankuna, har soja suka rushe majalisar a Janairun 1966.

Daga nan kujerar ta yi ta zama fayau, illa a Jamhuriya ta Biyu, lokacin Edwin Ume-Ezeoke, da ɗan taƙaitaccen zamanin Agunwa Anaekwe. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, ba a jima ba Salisu Buhari ya sauka saboda shubuhar takardun karatunsa, Ghali Umar Na'Abba ya karɓa, kuma haƙiƙa a zamaninsa ne majalisar ta fi nuna wa fadar shugaban ƙasa cewa tana da iko nata. Patricia Etteh ce mace ta farko da ta hau, a 2007. Tajuddin Abbas na Zariya aka zaɓa a 2023, yana shugabantar wakilai 360.