Aska: Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Ɗalibi, in ka je Tsamaye ko kasuwar Sabon Birni ka ji an ce "askarsa ta Gobir ce", kada ka zaci wuƙar wanzami ake nufi. Tsagar fuska ce, wato Gobirci: layuka daga gefen baki zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Lura, kalmar mace ce, "askarsa" ake cewa, ba "askansa" ba.

A zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, ita ce shaidar asali. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri, wasu daga baya Sabon Birni, amma da fuska suke gane juna.

Yau fa? Sashe na 24 na dokar haƙƙin yara ta Najeriya, ta 2003, ya hana yi wa yaro tsaga ko zanen jiki. Hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu.

Al'adar tana gushewa, sunayenta ma suna bin ta: bille, kalangu, 'yar baka. Wanne daga ciki za ka iya siffantawa?