Dokar Gasa da Kare Masu Saye a Najeriya: Ina Lauya Ya Shigo?

A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992, tare da kotu ta musamman mai sauraron ƙorafi kan hukuncin hukumar.

Manyan kamfanoni sun ji a jikinsu. A Disamba 2023 an sanar da cin tarar British American Tobacco dala miliyan 110. A Yulin 2024 kuma aka ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, hukuncin da kotun ta tabbatar a Afrilun 2025. Sai dai waɗannan suna da lauyoyi birjik. Masu buƙatar taimako su ne ɗan kasuwar tsakiya da talakan da ke saye a hannunsa.

Ɗan kasuwa yakan taka doka bai sani ba. An daɗe ana ganin ƙungiyar masu sana'a ta zauna ta yanke farashi, ko ta hana baƙo kasa kaya. A wurinsu wannan tsari ne da zumunci, amma a idon doka haɗa baki ne, kuma tarar kamfani na iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. Amfanin lauya a nan shi ne ya duba yarjejeniya tun kafin a ƙulla ta, domin rigakafi ya fi magani.

Shi kuwa mai saye, ƙofofi huɗu ke gabansa: ya koma wa mai kaya, ko hukumar da ke kula da fannin, kamar NCC a harkar waya, ko FCCPC, ko kotu kai tsaye. Rubutun nan na "ba a dawo da kaya" bai soke haƙƙinsa ba idan hajar na da aibi. Cikas ɗin shi ne hujja. Yawancin cinikinmu da baki ake yi, bisa amana, har mai neman rasit a ɗauke shi mai zargi. Ga kuɗin lauya ya ninka na fankar da ta lalace, sai mutum ya bar wa Allah.

Saboda haka taimakon da ya fi dacewa da kasuwanninmu mai sauƙi ne: bayanin dokar da Hausa ga shugabannin kasuwa, haɗa ƙorafin mutane da yawa wuri ɗaya, da sabawa da karɓar rasit. Lauya komai ƙwarewarsa, da takardar nan zai fara tambaya.