Abdu Mumuni na Tasawa da Neman Wuta Daga Rana



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne tarihin wani daga cikin magabatan masana kimiyya na wannan yanki namu. Na zaɓi marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a Jamhuriyar Nijar. Amma kafin mu isa Tasawa, ina roƙon ku bar ni in fara daga gida, watau daga ƙasar Gaya, domin matsalar da wannan bawan Allah ya ƙare rayuwarsa a kanta tsohuwar matsala ce a wurinmu.

Sanannen abu ne a tarihin baka na Kano cewa Abagayawa, zuriyar maƙeran da suka fito daga Gaya, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dutsen Dala, kuma tama ce ta kawo su. Ana ma cewa sunan maƙerin da ya ja gaba Kano, kuma daga gare shi birnin ya sami suna. Binciken masana tarihin ƙasa ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. To, mene ne narka tama? A bakin masana sinadarai, tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin ya zama dutse. Idan aka jera ta da gawayi a cikin rahoniya, aka yi ta zuga har zafi ya kai kimanin digiri 1,200, sai iskar da gawayin ke fitarwa ta janye oksijin ɗin, ƙarfe ya ware gefe, kashin maƙera ya ware gefe. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin, har sun gane cewa gawayin ƙirya ya fi saura riƙe wuta. Sai dai kowane dunƙulen ƙarfe da ya fito daga rahoniya, itatuwa ne suka tafi a kansa. Ke nan tun asali sana'a a ƙasar Hausa tana tafiya ne da tambaya guda: daga ina za a samo wuta? Amsar Abdu Mumuni ita ce, a ɗaga kai sama.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abdu Mumuni ranar 26 ga Yuni, 1929, a Tasawa, garin Hausawa da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko da yake asalin gidansu mutanen yammacin Nijar ne, ƙasar Zabarmawa. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai. A wancan zamani Faransa ba ta buɗe makarantar gaba a Nijar ba, saboda haka yaron da ya yi fice sai an ɗauke shi zuwa Senegal. Haka aka kai shi makarantar William Ponty, inda ake horar da malamai da akawuna na dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, sa'an nan ya wuce babbar sakandaren Van Vollenhoven ta Dakar, daga can kuma sai birnin Faris.

A Faris ya karanta fiziks da kimiyyar sinadarai, waɗanda tsarin Faransa ke haɗa su a matsayin fanni guda. A shekarar 1956 ya ci jarrabawar da suke kira agregasiyon. Wannan ba irin jarrabawar da muka saba da ita ba ce, wadda duk wanda ya kai maki ya wuce. Gasa ce, gurabenta ƙididdigaggu ne, kuma da 'ya'yan Faransawa ake kokawar su. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni. A shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso ya ci tata a fannin tarihi.

Siyasa da Hijirar Gini

Mai irin wannan takarda, da ya so, da ya zauna a inuwa har tsufansa. Amma tun yana ɗalibi ya shiga gwagwarmayar neman 'yanci. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, kuma yana cikin jam'iyyar PAI da aka kafa a Senegal a 1957 don neman cikakken mulkin kai.

Ranar 28 ga Satumba, 1958, Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: ko ƙasa ta zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko ta fita nan take. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun nemi a ce a'a, ba su yi nasara ba. Gini kaɗai, a ƙarƙashin Seku Ture, ta ƙi. Faransa ta yi fushi ta kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta. Abdu Mumuni, wanda a lokacin yake koyarwa a Dakar, ya bar aikinsa ya tafi Konakiri tare da wasu matasan masana, ciki har da Ki-Zerbo, don kada makarantun sabuwar ƙasar su rufe. Bai daɗe a can ba ya koma Yamai ya ci gaba da koyarwa. Na kawo wannan ne don a san halin mutumin, domin duk wanda bai fahimci dalilin tafiyarsa Gini ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa ya zaɓi rana ba.

Aikinsa a Kan Hasken Rana

Daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a Tarayyar Sobiyat yana ƙwarewa a kan makamashin rana. Da ya dawo sai ya sauka a Bamako, inda ya koyar a babbar makarantar horon malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1967 ya sami babban digirin dakta na Faransa. A 1969 ya koma gida ya karɓi shugabancin ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, ya riƙe shi har zuwa 1985.

Lissafinsa mai sauƙin fahimta ne. Da tsakar rana, idan gari ya yi garau, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana karɓar ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000. Nijar ba ta da teku, man da take ƙonawa a lokacin sai an yi doguwar tafiya da shi daga bakin ruwa, dajinta kuma kullum ja da baya yake yi. Abin da take da shi a yalwace, wanda ba a biyan kuɗin fito a kansa, shi ne rana. Ya fara wannan magana tun ana ganin ta mafarki ce. Sai ga farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974, wanda dattawan Gaya da Ajingi ba su manta da shi ba, ga kuma tashin farashin mai na 1973. Rana ba ta ƙarya, in ji Bahaushe.

Bari in bayyana irin na'urorin da aka ƙera a ONERSOL, domin a nan ne ilimin yake. Na farko shi ne tukunyar dumama ruwa. Faranti ne na ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, aka bi bayansa da bututu, aka rufe shi da gilashi. Baƙi yana shan haske ya mai da shi zafi, gilashi yana barin haske ya shiga amma ya tare zafi kada ya fita. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka da kansa yake hawa cikin tankin da ke sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, ba famfo, ba lantarki. Na biyu shi ne matatar ruwa, inda rana ke tayar da tururi daga gurɓataccen ruwa, tururin ya taru a jikin gilashi ya zubo tsarkakakke, irin wanda asibiti da batir ɗin mota ke bukata. Akwai kuma na'urar busar da amfanin gona, da murhun rana.

Murhun nan madubi ne mai siffar ƙwarya, wanda ke tattara duk hasken da ya sauka a kansa ya zuba shi wuri guda, daidai gindin tukunya. Yadda irin wannan madubi ke tattara haske, da yadda zafin ke rarrabuwa a inda ya taru, yana cikin manyan abubuwan da Abdu Mumuni ya yi bincike a kansu. Dalilin damuwarsa da madubi kuwa shi ne wata ƙa'ida da Bafaranshe Sadi Carnot ya bayyana tun 1824: injin da ke aiki da zafi, gwargwadon tazarar da ke tsakanin ɓangarensa mai zafi da mai sanyi, gwargwadon aikin da za a samu daga gare shi. Baƙin faranti da kyar yake tafasa ruwa, saboda haka injin da aka ɗora a kansa kaɗan ƙwarai yake mayarwa aiki daga abin da ya sha. Madubi kuwa yana kai zafi ɗaruruwan digiri. Babban burinsa shi ne injin da rana za ta juya, ya ɗago ruwa daga rijiya, ya ba ƙauye wuta, kuma ofishin nasa ya yi shekaru yana gwajin irin wannan inji. Ku lura, jama'a, wannan ita ce tsohuwar matsalar maƙerin Gaya, watau yadda za a tara zafi mai yawa a ƙaramin wuri. Shi ya yi da zuga-zugi da gawayi, wannan ya yi da madubi da lissafi.

Ra'ayinsa Game da Ilimi da Harshe

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da masanin fiziks? Abin da ya haɗa mu littafi ne. A 1964 kamfanin Maspero na Faris ya buga littafinsa L'Éducation en Afrique, watau ilimi a Afirka, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1968. A ciki ya bi diddigin tarbiyyar gargajiya, wadda ke koyar da yaro a bakin aiki kamar yadda ɗan maƙeri ke farawa da zuga, sa'an nan ya nuna yadda makarantar 'yan mulkin mallaka ta raba ilimi da aikin hannu, ta kuma raba yaro da harshen gidansu. Shawararsa ita ce a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu, a yaƙi jahilcin manya da su, kuma a ɗaura makaranta da bukatun tattalin arzikin ƙasa. A ganinsa, na'urar da manomi ba zai iya jin bayaninta cikin harshensa ba, baƙuwa ce a garinsu, ran da ta lalace kuma ta zama kufai. Daga 1979 ya shugabanci Jami'ar Yamai na 'yan shekaru. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Inda Aka Ci da Inda Aka Gaza

Tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi inda aka gaza. Murhun rana bai shiga gidajen talakawa ba, ba a Nijar kaɗai ba, har sauran ƙasashen da aka gwada shi. Dalilin ba ya wuyar ganewa ga wanda ya san madafin Bahaushiya. Murhun yana aiki ne da tsakar rana, a fili, kuma sai ana juya shi yana bin rana, alhali kuwa tuwo da yamma ake tuƙa shi, a kan murhu mai duwatsu uku da zai jure muciya. Ga tsada, ga hazon hunturu da ke dusashe madubi. Injin ɗin ma wata hanya ce ta sha gabansa. Tun 1954 masana a Amurka suka ƙera farantin silikon mai mai da haske lantarki kai tsaye, ba tururi, ba abin da ke juyawa. A zamanin Abdu Mumuni tsadarsa ta fi ƙarfin ƙauye, amma tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100.

To amma a kan babbar maganar, shi ne ya yi gaskiya. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ta, Yamai ta shiga duhu, aka ga illar dogaro da wutar wani. A nan gida kuwa, duk wanda ya zaga ƙauyukan gabashin Kano zai ga rijiyoyin burtsatse masu farantin rana, da shagunan cajin waya, da fitilun masallatai. Rana ta shigo ƙauye kamar yadda ya hango. Sai dai ta shigo ne a cikin kwali, mafi yawa daga ƙasar Sin. Shi kuwa abin da ya nema shi ne a ƙera a gida, da hannun 'yan gida, a kuma yi bayani da harshen gida. Wannan rabin na burinsa har yanzu bashi ne a kanmu.

Kammalawa

Shugaban taro, a nan kusa da Gaya, a Wudil, akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980. A kasuwanninmu akwai maƙera da masu walda waɗanda in an nuna musu tukunyar dumama ruwa sau ɗaya za su ƙera ta, domin ba ta wuce ƙarfe da bututu da gilashi ba. Abin da ya rage shi ne mai haɗa su, da ƙaramin littafi cikin Hausa wanda mai gyaran famfo a Ajingi zai buɗe ran da farantin rijiyarsu ya daina aiki. Rubuta wannan littafi ba aikin masana kimiyya kaɗai ba ne, mu ma na sashen Hausa da namu kason a ciki, kuma ina ganin mun makara.

Allah ya jiƙan Abdu Mumuni, ya gafarta masa.