Daso da Gurbin Mace a Barkwancin Finafinan Hausa

Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta fi sani da Daso, ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, ana jajibirin ƙaramar salla, tana da shekara 56. Abin da aka fi tuna ta da shi shi ne fitowa a muguwa. Wannan bayani gaskiya ne, amma ya tauye ta. Daso 'yar wasan barkwanci ce ta haƙiƙa, kuma mugunta ita ce ƙofar da masana'antar ta bar wa mace a buɗe idan tana son ta ba da dariya.

Ta shiga harkar a shekarar 2000 da fim ɗin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, shekara goma bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya. Tana da shekara 32 a lokacin, wato ta wuce sa'ar 'yan matan da ake ɗora wa soyayya da rawa da waƙa. Sai gurbin kishiya da uwar miji da matar uba ya zama nata, kuma da shi aka san ta a zamanin finafinan Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani. Wannan ƙuntatawa ce ta ba ta tsawon kwana a sana'ar. Jarumai mata da dama sukan haska shekara uku ko huɗu, aure ya zo ya ɗauke su, ita kuwa ta shafe fiye da shekara 20 ana damawa da ita.

A dubi yadda aka raba aikin dariya. Tun zamanin Usman Baba Pategi a Samanja, namiji ne ke da damar zama wawa kuma a so shi a haka. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya kai wannan dama ƙololuwa: sunansa ma shi ne sunan fim, kamar Ibro Awilo da Ibro Aloko. Ya yi ƙarya, ya ci bashi, ya sha duka, mai kallo na tare da shi. Mace ba ta samu wannan rangwame ba, domin kunya da kawaici su ne ma'aunin mutuncinta, kuma wauta a bainar jama'a tana zubar da su. Masifaffiya ce kaɗai al'ada ta riga ta san ba ta da kunyar da za ta zubar. Ƙari a kan haka, labarin yakan hukunta ta a ƙarshe, asirinta ya tonu ko ta yi nadama, don haka mai kallo ya yi dariyarsa ba tare da jin ya goyi bayan rashin ɗa'a ba.

Gwanintar Daso tana cikin abin da take yi kafin hukuncin ya iso. Harara daga sama zuwa ƙasa, murguɗa baki, tafa hannu, riƙe ƙugu, gyara ɗaurin kallabi alamar an shirya faɗa, sai ɗan shiru, sannan habaici ya faɗo daidai inda zai yi zafi. Shirun nan shi ne sirrin. Duk wanda ya taɓa zama a gidan yawa ya san waɗannan motsi, amma sanin tsawon lokacin da za a riƙe harara kafin a saki magana, wannan fasaha ce da ake koya. Tushenta kuwa a tsakar gida yake, a gorin kishiyoyi da wasan kaka da jika da taron biki inda mata ke kiɗan ƙwarya. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta daɗe tana sa mata shewa da zambo da zolaya a amada. Abin da Daso ta yi shi ne fito da wannan dariya ta cikin gida zuwa gaban kyamara, inda maza ma ke kallo.

Kwatanta ta da takwararta ta Ingila yana ƙara haske. Patricia Routledge ta fito a Hyacinth Bucket cikin shirin Keeping Up Appearances na BBC daga 1990 zuwa 1995, mace mai iko da ƙarfin murya wadda kowa ke gudu. Sai dai an gina shirin ne dungurungum a kanta, kuma marubuci Roy Clarke ne ya rubuta shi. Daso galibi a gefen labarin wasu take, a zamanin da darakta kan faɗi abin da ake so a fage, ɗan wasa ya zuba nasa kalmomin. Ke nan rabonta a ƙirƙirar abin da muka gani ya fi abin da jerin sunayen ƙarshen fim ke nunawa. Abin dariyar ma ya bambanta: Hyacinth tana fafutukar shiga sahun manya ne, matan Daso kuwa suna kare muƙaminsu a cikin gida, wa ke da girki, wa miji ke saurare, ɗan wa zai ci gado.

Wannan ne ya sa nake ganin irin wasanta ya fi na camama irin na su Ibro jure tafiya. A Gadarif ta gabashin Sudan, inda jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ke noman riɗi da dawa, Hausa ta cuɗanya da Larabci. Sarar Kano da shaguɓen siyasar Najeriya za su iya wuce mai kallo a can. Kishi da surukuta ba sa buƙatar tafinta.

Akwai suka mai nauyi da ba za a kauce mata ba: cewa irin wannan fitowa tana ƙarfafa ra'ayin cewa mace babba a gida fitina ce. Na yarda da rabinta. Laifin yana wuyan marubuta da furodusoshin da suka ga mace mai wannan baiwa, suka yi ta maimaita mata gurbi guda domin shi ke sayar da kaset. Nazarin finafinan Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu da wasu suka kafa wa harsashi, ya yi nisa a kan tasirin Indiya da tace finafinai. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne a zauna da finafinan Daso fage bayan fage, a rarrabe abin da aka rubuta mata da abin da ta kawo daga gida.