Kishi da Ramuwar Gayya a Adabin Hausa: Waiwaye Daga Karkarar Arewacin Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda adabin Hausa ya riƙa sauya wanda yake ɗora wa alhaki idan zuciya ta ɗebi mutum ya cuci ɗan'uwansa. Zan fara daga ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Minjibir, domin a wannan karkara na fara sauraron tatsuniya tun ban san ana kiranta adabi ba.

Kamar yadda binciken Mortimore da Wilson na 1965 ya nuna, kewayen Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona jikin gona, kuma kowane rabon gado yakan ƙara tsaga ta. Saboda haka, a ganina, kishin da ke cikin tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ba na neman fada wurin miji kaɗai ba ne. Matar da ta tura 'yar kishiyarta aike mai nisa don ta halaka, tana lissafin bakin da ke ci daga rumbu, da kuma yawan waɗanda za a raba wa gona. Amma tatsuniya ba ta faɗin haka. Cewa take mowa muguwa ce, shi ke nan. Maigida kuwa ba a cika tuhumarsa ba.

Da ƙagaggun labarai suka fito daga Zariya bayan gasar 1933, sai Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East ya zo da wani abu dabam. Abubakar ba mugu ba ne tun asali. Malam Shehu ne ya raba shi da Zainab da ƙarfin dukiya, baƙin ciki ya kai shi yawon neman asiri. Abin lura shi ne, asirin bai faɗa kan wanda ya yi laifin kai tsaye ba, sai kan ɗansa Kyauta, yaron da bai ji ba bai gani ba, wanda ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa. Watau wanda aka cuta shi ne ya koma macuci, mai karatu kuma ya rasa wanda zai tsine wa. (Ɗalibaina, musamman 'yan karkara, sukan goyi bayan Abubakar, sai mun zo kan Kyauta su yi tsit.)

A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta juya akalar zuwa kan maigida. A cikin Alhaki Kwikwiyo, sha'awa ce ta rufe wa Alhaji Abdu ido, ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Daga baya gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya. Duk da haka, Rabi ce dangi suka matsa wa ta koma ɗakinta.