Lokacin da U da V suke harafi ɗaya

1/ Jama'a, jiya ina karatun jarabawa na ci karo da hoton shafin wani littafin Shakespeare, bugun 1623. Sai ga "vpon", sai ga "loue". Na ce kai, masu bugun nan barci suke yi. Ashe ni ne ban sani ba. Ku biyo ni 🧵

2/ A Latin, harshen Rumawan da, U da V harafi ɗaya ne. Shi ya sa a tsofaffin gine-ginensu za ka ga AVGVSTVS. Turanci ya gaji abin: a farkon kalma a rubuta v, a tsakiya a rubuta u, ko wane sauti ne.

3/ A 1524 wani ɗan Italiya, Trissino, ya kawo shawarar a raba su. Abin ya ɗau lokaci. Ko ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, a sashe ɗaya ya cakuɗa kalmomin U da na V. Kun taɓa tambayar me ya sa W mai siffar V biyu ake ce masa "double u"? To ga dalilin.

4/ Yanzu kalmomin. "Uncle" daga Latin "avunculus" yake, wato ɗan'uwan uwa, kawu kenan. Ɗan'uwan uba sunansa daban, "patruus". Turanci ya haɗe su a kalma ɗaya. Mu kuwa har gobe kawu daban, baffa daban.

5/ "Umpire", alƙalin wasa, asalinsa "noumpere" ne, daga tsohon Faransanci: wanda ba shi da tsara, na ukun da zai raba gardamar mutum biyu. Mutane suna jin "a noumpere" suka ɗauka "an oumpere" ne. Kuskuren kunne ya cinye n, ya zama ƙa'ida.

6/ "Umbrella" daga Italiyanci, tushensa "umbra", inuwa. Don rana aka raɗa sunan, daga baya ruwan Ingila ya canza masa aiki. Laimar sarki ranar hawan sallah ta fi kusa da ma'anar farko.

7/ "Utopia" kuwa ƙirƙirar Thomas More ce a 1516, sunan tsibirin da komai yake tafiya daidai. Daga Girkanci ya haɗa ta, ma'anarta "babu wurin". Duk ɗan siyasar da ya yi maka alkawarin irinta, ka tuna fassarar 😂

8/ Wadda ta fi taɓa ni ita ce "university". "Universitas" ba gini ba ne, ƙungiya ce. A Bologna, wadda ake ƙirga kafuwarta daga 1088, ɗalibai ne suka haɗa kai: su ke biyan malamai, har tara suke cin malamin da ya makara. Mu da muke tsayuwa a rana muna jiran lacca, ku ji fa.

9/ Ni dai na daina haddace ma'ana kamar aku don cin jarabawa kawai. Idan ka san daga ina kalma ta fito, da wuya ta sake ɓace maka.

10/ Wane harafi za mu tona gaba? Ni J nake tunani, don shi ma da I tare suka taso.